Saura daƙiƙa 10

Talata, ƙarfe 11 na dare ta wuce.

Yaya ya kashe min kiɗa yau, saura daƙiƙa 10 ya fashe. Tun safe abin nan yake tsaye min a wuya, kuma na san idan ban sauke shi a nan ba barci ba zai zo ba.

Da farin ciki na tashi, wallahi, har da fito. Wasu yara huɗu masu kiɗan jita da ganga da nake ta zancensu tun makon jiya sun saki cikakken faifansu cikin dare. Ina buɗe ido na ga saƙon Bandcamp, shafin da masu kiɗa suke sayar da faifansu a intanet, ban ko sauko daga gado ba na saya. Kiɗa biyar ne, babu muryar mutum ko ɗaya a ciki. Na uku shi ne wanda suka fara saki, mai minti 11, wanda na saurara har na san duk inda ya lanƙwasa kamar hanyar ɗakina a cikin duhu.

Yaya ya biyo ya ɗauke ni, yadda yake yi duk Talata. Mun ɗan taɓa hira, sai ya ce, "Auta, sa mana wani abu mana." Na san irin abin da kunnensa ya saba da shi. Amma raina cike yake da faifan nan, na kasa daurewa, na haɗa wayata na sa na ukun.

Ga yadda yake farawa. Kafin komai za ka ji gurnanin amfilifaya, siriri, kamar ƙudan zuma a nesa. Sai jita ɗaya ta buga sauti uku. Uku kacal. Mai jitar ya bi da su ta wani fedal mai maimaita sauti, duk abin da ya buga sai ya dawo masa sau huɗu ko biyar yana dusashewa, har sabon bugu ya riski tsohon a hanya su haɗe. Wajen minti na biyu jitar bas ta shigo daga ƙasa, ba ka jin ta a kunne sosai, a ƙirji take zama. Mai ganga bai taɓa fata ba tukuna, faifan ƙarfen nan kawai yake shafa da sanduna masu taushin kai, sautin yana kumbura yana sacewa.

A nan Yaya ya dube ni. "Har yanzu gyaran kaya suke yi?"

Na ce a'a, an fara.

Ya yi shiru. Jita ta biyu ta shigo, irin bugun nan da hannu yake karkarwa a kan tsirkiya ɗaya da sauri har bugun ya narke ya zama zare ɗaya mai tsawo, kamar kuka daga nesa. Duk sanda na zo wurin nan tsigar jikina tashi take yi. Na saci kallonsa. Yatsunsa suna kan sitiyari, ba sa motsi.

"Wai yaushe mawaƙin zai shigo?"

"Babu mawaƙi, Yaya."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Minti nawa ne?"

Na ce 11. Ya girgiza kai, ya yi ɗan murmushin nan nasa.

Daga minti na biyar ganga takan fara taku, a hankali, sannan ta ƙara, ta ƙara. Komai yana hawa. Irin yadda hadari yake haɗuwa ne, gari ya yi duhu, iska ta taso, kowa ya san abin da ke tafe amma bai san yaushe ba. Can a minti na bakwai sai su ɗauke wuta gaba ɗaya. Tsit. Gurnanin amfilifayar nan na farko kaɗai ya rage. Idan ka kasa kunne za ka ji mai ganga ya ja numfashi, sannan ya haɗa sandunansa sau huɗu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas, masu jita biyu su taka fedal ɗin da ke yage sauti a tare, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

Ba mu kai nan ba. Shirun nan yana sauka Yaya ya ɗauka an gama, ya miƙa hannu ya danna. Na ce, "Yaya, ai yanzu ne ma..." Ya ce, "Haba Auta, ya isa haka. Yaran nan ba su da abin faɗa ne kawai. Mai abin faɗa baki yake buɗewa."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ma dafa kafaɗata da zan sauka. Ni kuwa na shiga wurin aiki kamar wanda atishawa ta zo masa ta koma.

Aiki dai ga shi nan. Taro biyu, ɗaya bai da amfani. Firinta ta sake cin takarda. Na manta iyafis ɗina a gida, don haka babu damar ƙarasa kiɗan ko a lokacin hutu, kuma ba zan ji shi ta lasifikar waya ba, cin mutuncinsa ne.

Wuni na yi ina ba Yaya amsa a cikin kaina.

Da farko tarihi na ɗauko masa. Na ce masa abin nan ba yau aka fara ba, har suna gare shi, post-rock, sunan da wani marubucin harkar kiɗa ɗan Ingila, Simon Reynolds, ya yaɗa a 1994. Abin da yake nufi shi ne a ɗauki kayan kiɗan rok ɗin da kowa ya sani, jita da bas da ganga, a sa su wani aiki daban, jita ta daina raka mawaƙi ta koma yin launi da yanayi. Na ce masa Mogwai sun fara a Gilasgo a 1995 suna samari, suka kafa ɗan kamfaninsu na kansu, Rock Action, sai a 2021 faifansu ya hau lamba ɗaya a Birtaniya, bayan shekara 25 da ɗoriya. Na kawo masa Mono na Tokiyo, waɗanda suke kan hanya tun 1999. Na kawo masa Russian Circles na Shikago, mutum uku rak, amma idan suka saki nauyi sai ka rantse runduna ce. Duk na jera masa.

Daga baya na ga ba wannan ya tambaya ba. Cewa ya yi ba su da abin faɗa, kuma jerin sunaye ba ya amsa wannan.

To me ya sa nake son abin nan haka, kuma me ya sa na yara masu tasowa ya fi kama ni a kan na manyan da suka yi suna? Na daɗe ina juya tambayar yau.

Ina jin abu na farko shi ne na san ba don kuɗi suke yi ba, domin babu kuɗin a ciki. A manhajar sauraron kiɗa ta Spotify da zarar an ji daƙiƙa 30 an ƙirga ji ɗaya. Mai kiɗan minti 2 da mai kiɗan minti 11 lissafinsu ɗaya. Ke nan duk wanda ya zauna ya gina abu mai minti 11, wanda mintinsa biyu na farko sauti uku ne kawai, ya san sarai yana korar mai gaggawa, ya san rediyo ba za ta sa shi ba, kuma ya yi abinsa. Shi ya sa nake saya a Bandcamp, inda kamfanin yake cire kashi 15 cikin 100 na cinikin faifan da aka sauke, mafi yawan sauran ya tafi hannun masu kiɗan. Yaran nan ba su da kamfani a bayansu. Babu wani babba da zai leƙo ya ce a yanke nan, a gajarta can, a nemo mai murya. Su suka ɗauki sautin, su suka zana bangon faifan, su suke amsa saƙonni.

Kuma ana jin hakan a cikin kiɗan. A na ukun nan akwai inda yatsan mai jita ya zame a kan tsirkiya ya yi ɗan ƙii, ba su goge ba. Akwai inda mai ganga ya ɗan yi gaba da sauran saboda zumuɗi, sai bas ta janyo shi baya. Manyan ƙungiyoyi sun iya, sun san daidai inda za su taɓa ka, wani lokacin ma har ka hango dabarar tun daga nesa. Su kuwa yaran nan ji nake kamar su ma ba su da tabbacin ginin zai tsaya, suna ɗora bulo a kan bulo suna kallon juna. Idan ya fashe a ƙarshe, murnar da ke ciki ta gaske ce. Nauyin nan da mutane suke ji su ce hayaniya ce, ni sauke kaya nake jin sa. Amma sai an ɗauki kayan tukuna, minti bakwai cur, kafin saukewar ta yi ma'ana. Wanda aka sa masa daga wurin fashewar kawai, hayaniya zai ji, kuma yana da gaskiya.

Ga kuma rashin harshe. Ba sai na iya yaren yaran nan ba, ba sai sun iya nawa ba. A ƙasan faifan mutane suna rubuta abin da suka ji, wannan ya ce teku ya gani, wancan ya ce ya tuna mahaifiyarsa, wani ya ce da shi yake karatun jarrabawa. Kiɗa ɗaya ne, kowa ya zuba nasa a ciki.

Ina kan wannan tunanin ne da la'asar raina ya juya.

Na tuna inda na fara jin irin kiɗan nan da gaske. Kun san lokacin. Dararen da muke kwana a asibiti wajen Baba. Na gwada jin waƙoƙin da na saba, na kasa. Duk waƙa tana da abin da take so in ji, wannan ta ce in yi kuka, waccan ta ce in yi haƙuri komai zai wuce, ni kuma a lokacin ban san me nake ji ba balle a faɗa min. Wannan kiɗan ne kaɗai bai ce min komai ba. Ya bar ni in zauna a cikinsa. Idan ya hau in hau, idan ya fashe sai in ji wani abu a ƙirjina ya samu ƙofa, ba tare da na buɗe baki na tayar da kowa ba.

Kuma wa ke zaune kusa da ni a kan bencin nan? Yaya. Makullin mota a hannunsa, yana juya shi, yana juya shi, har gari ya waye. Dare nawa muka yi a haka, ban ji ya ce yana tsoro ba. Bayan rasuwar shi ya tsaya a kan komai, shi ya riƙe Umma, shi ya riƙe mu. Shekara uku ke nan ban taɓa jin ya ɗauko zancen Baba da bakinsa ba. Idan wani ya ɗauko, sai ya tashi ya ce bari ya duba mota.

Shi ne yau yake ce min mai abin faɗa baki yake buɗewa.

Ba haushinsa nake ji ba, Allah ya sani. Da safe na ɗauka haushi ne. Yanzu na gane tausayi ne, da wani abu mai kama da kewa, alhali kullum muna tare. A duk mutanen da na sani babu wanda ya fi Yaya abin faɗa, kuma babu wanda ya kai shi shiru. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, to ni na ji tasa tun a bencin nan. Ban sani ba ko ya kashe kiɗan ne don ya gundure shi, ko kuwa shirun nan na minti na bakwai ne ya yi masa kama da wani shiru. Yatsunsa dai ba su motsa a kan sitiyarin ba, Yaya da ko talla aka sa a rediyo sai ya bi ta da yatsa. Wataƙila ni ne nake ƙara wa abin gishiri. Ba zan tambaye shi ba, ba a yi wa Yaya irin wannan tambayar.

Na dawo gida a gajiye. Umma ta kira, lafiya lau, ƙafar ce dai. Wanki yana nan yana jira na.

Bayan isha na kashe fitila na sa iyafis na ɗauko na ukun daga farko. Ban tsallake komai ba. Sauti uku, bas, kukan jita, takun ganga, shiru. Numfashi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Da ya sauka sai da na riƙe bakin gado. Minti huɗu na ƙarshen nan, jita biyu suna ruri, ganga kamar za ta tsage, amma can a ƙarƙashi sautin nan uku na farko suna nan ba su tafi ko'ina ba. Yau ne na fara lura da su a wurin, bayan duk jin da na yi masa. Na yi hawaye, kuma ban san na wa ba ne, na Baba ko na Yaya.

Waya ta yi min gargaɗin na ƙure sauti, na rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyaka ga babba, ni kuwa kunnena na hagu yana ɗan yin ƙara yanzu haka. Dole in kula, ina so in daɗe ina jin abin nan.

Na rubuta wa yaran saƙon godiya, layi biyu.

Ɗazu saƙon Yaya ya shigo: "Gobe ma zan biyo, 7:30. Ka shirya da wuri." Laraba ba ranarsa ba ce. Na amsa, "To Yaya, Allah ya kai mu."

Daga gida zuwa wurin aiki minti 15 ne idan babu cunkoso. Kiɗan minti 11 ne. Ban yanke shawara ba tukuna.