Godiya bayan kare digirin digirgir

Alhamdu lillahi. Jiya Alhamis na kare kundin digirina na uku a nan Jamus, kwamiti kuma ya amince. Saƙonnin barka sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan.

Da yawanku kun sha tambayata me nake yi shekara huɗu a ɗakin da ko taga babu. Ku tuna wasanmu na yarinta: ka goga allura a maganaɗisun tsohuwar lasifika, ka janye shi, allurar ta ci gaba da ɗaukar 'yar'uwarta. Wannan riƙon da ƙarfe ke yi, James Ewing ne ya raɗa masa suna histerisis a 1881. A ƙa'ida, inda ka juya shi nan yake ci gaba da fuskanta, sai ka matsa masa da ƙarfi ta ɗaya ɓangaren sannan ya saki.

Nawa samfurin bai bi wannan ƙa'idar ba. Shimfiɗa biyu ce ta ƙarfe mai maganaɗisu, an raba su da wani ƙarfe mai suna rutiniyam wanda kaurinsa bai cika nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Tun 1990 Stuart Parkin na IBM ya nuna cewa rutiniyam mai irin wannan sirantar yakan sa shimfiɗun biyu su juya wa juna baya. Ina rage ƙarfin maganaɗisun da na ɗora musu daga waje, tun ban kai sifiri ba, sai mai kaurin, wadda ta fi saurin juyawa, ta kife, siririyar kuma ta kafe. Da aka haɗa lissafi, sai samfurin ya koma yana fuskantar akasin inda ake jan sa.

Babbar godiya ga malamina, kuma a kan ranar da na fi jin haushinsa. Na kai masa zanen sakamakon awon ina ta rawar kai, ya duba ya ce na'ura ce ke yi min wasa da hankali. Ba ƙarya ya yi ba: maganaɗisun na'urar awon da ake kira SQUID, mai aiki cikin sanyin ruwan hiliyam, yakan riƙe ɗan ragowar ƙarfi ko da allo ya nuna sifiri, ya ba ka sakamako a kife na bogi. Wata bakwai na yi ina maimaita awo. Na gwada na'urar da ƙarfen faladiyam, wanda ba ya riƙo sam, na sake aunawa da hasken leza. Wani ɓangare na abin da na gani ashe na na'urar ne, ya zube. Sauran ya tsaya, kuma shi na kare jiya. Malam, Allah ya saka da alheri.

Injiniyan ɗakin gwajinmu da ke fitowa ranar hutu don cika hiliyam, da abokan aikina da suka bar min lokacinsu na dare a kan na'ura, na gode ƙwarai.

Inna, ke da ba ki taɓa tambayar menene maganaɗisun ba, sai dai “an ci abinci?” da addu'ar asuba, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Baba bai ga wannan ranar ba. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, Allah ya jiƙansa da rahama.

Uwargida ta sha sanyin ƙasar nan da kaɗaici da yara biyu, har ta haddace kalmar rutiniyam ba don tana so ba. 'Yan'uwa na masallacinmu kuwa, ranar Asabar bayan la'asar akwai 'yar walima a gida, waina da miyar taushe. Ku zo da yara.