Asabar a Katsina: darasin ƙetare ƙafafu

Yau bayan sallar La'asar mun haɗu a ɗakin atisayenmu na kokawar jiu-jitsu da ke wajajen Ƙofar Marusa, kuma har aka tashi malaminmu bai koyar da komai ba sai dabarun ƙetare ƙafafun abokin karawa. A kokawarmu ta gargajiya da zarar an yi kaye wasa ya ƙare, amma a jiu-jitsu ta Birazil wanda yake kwance rigingine yana da sauran ta-cewa, domin ƙafafunsa su ne garkuwarsa: da su yake tunkuɗe mutum, da su yake kifar da shi, da su kuma yake shaƙe shi. Shi ya sa dokokin IBJJF, hukumar da ke shirya gasannin jiu-jitsu ta Birazil a duniya, suka ba wanda ya ƙetare su maki 3, alhali kayarwa maki 2 ce kawai, da sharaɗin ya danne abokin karawar har tsawon daƙiƙa 3.

Mun fara da toreando, inda ake kama wandon mutum ta wajen gwiwoyi, a ture ƙafafun gefe guda, a zagaya da sauri. Samarin cikinmu sun ji daɗinta, ni kuwa ban cika yarda da dabarar da ta dogara ga zafin nama kaɗai ba.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta zamar da gwiwa. Mutum zai ɗora ƙwaurinsa a kan cinyar na ƙasa har ya manne ta da katifa, ya cusa hannu ƙarƙashin hammatarsa ta ɗaya ɓangaren, ya sauke nauyin ƙirjinsa, sannan ya zare ƙafar a hankali. Idan aka manta da hannun hammatar, na ƙasa zai sulale ya haye bayan mutum, kuma wannan maki 4 ne. Da malam ya gwada ta a kaina, kafaɗarsa ta juyar mini da haɓa gefe, na ji kwankwasona ya ƙi motsi tun kafin ƙafarsa ta fita.

Wani yaro ya bar hannu ɗaya tsakanin cinyoyin abokinsa, nan take aka naɗe masa wuya da ƙafafu har ya buga katifa alamar sallamawa. Ya ce, "Malam, ta ina aka kama ni?" Malam ya ce, "Ɗana, ko dai hannuwanka biyu su shiga tare, ko su tsaya waje tare." Ranar Talata za mu koma kan dabarar da ake tallabo cinyoyi biyu a ninke mutum a kan kafaɗunsa.