Kuɗin hannu tsakanin maƙwabta: kwamfutar da na haɗa wa Alhaji

Sefa 20,000 na karɓa kuɗin hannu a wurin maƙwabcinmu Alhaji, bayan na haɗa masa kwamfutar da kayanta suka ci sefa 310,000. Abokaina masu gyara a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, sun ce na yi araha. Innata kuwa cewa ta yi ko dala bai kamata in karɓa ba. Ni dai har yau ina ganin na yi daidai, kuma ina so in faɗi yadda na kai ga wannan adadi, don na san matasa da yawa sun iya aikin nan, amma da an zo maganar kuɗi da dattijon unguwa sai bakinsu ya yi nauyi.

Alhaji yana da ɗan shago kusa da wata makarantar sakandare, ana buga takardu, ana fotokofi, ana tsara katin biki da na suna. Ɗansa ne ke zama a ciki. Tsohuwar kwamfutarsu ta gaji, ga shi kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 tana neman TPM 2.0 (wata ƴar na'urar tsaro a cikin kwamfuta) da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta Intel ta ƙarni na 8 (zubi na takwas) zuwa sama. Kafin komai na gaya masa gaskiya: Dell ko HP ta hannu, irin waɗanda ake sauke wa daga ofisoshin Turai, za ta fi masa sauƙin kuɗi, in dai an duba ƙarninta da kyau. Ya ce a'a, ya sha wahalar kayan hannu, sabuwa yake so, wadda in wani abu ya lalace za a cire shi kaɗai a sa wani.

To, daga nan aikin ya fara, tun kafin in taɓa sukudireba. Na zaɓi furosesa Core i5 ta ƙarni na 10, na tabbatar babu harafin F a ƙarshen lambarta, domin mai F ba ta fitar da hoto da kanta, sai an ƙara sayen katin hoto, abin da shagon buga takardu ba ya bukata. Na haɗa ta da uwar allo (babban allon da ake jona duk kayan a kansa) da ta dace da ita, RAM (ma'ajiyar wucin gadi) gigabait 16, SSD (ma'ajiyar fayiloli), akwatin wuta mai nagarta, da allon rubutu na AZERTY tunda yawancin aikin shagon da Faransanci ne. Wasu kayan na same su a nan, wasu sai da aka turo daga Duwala. Na tambayi farashi ta Yola ma, amma tun da Najeriya ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, farashin da aka ba ka yau ba lallai ya kwana ba. Sefarmu a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, shi ya sa lissafin Duwala ya fi zama wuri guda. Kiran waya, jira a tashar mota, kuɗin mai mashin, duk wannan wahala ce da mai kwamfuta ba ya gani, kuma ta fi haɗin kansa cin lokaci.

Abu na farko da na tsaya a kai shi ne raba kuɗin kaya da kuɗin hannu, yadda tela ke raba kuɗin yadi da na ɗinki. Na san masu ɗora 5,000 a kan RAM, 10,000 a kan uwar allo, sannan su ce wa mutum ai aikin kyauta suka yi masa. Ban yarda da wannan ba. In mutum ya ba ka kuɗinsa ka sayo masa kaya, wakilinsa ne kai, amana ce a hannunka. In kana son la'ada, faɗe ta a fili. Kuma Garwa ba ta da girman da za ka ɓoye farashi: wata rana ɗan Alhaji zai shiga shagon da ka sayi kayan ya tambaya. Kowane rasit na sa an rubuta shi da sunan Alhaji, na haɗa su a ambulan ɗaya na miƙa masa, har canjin da ya rage.

Sai kuɗin hannun. Wasu kan ce a ɗauki kashi goma cikin ɗari na kuɗin kaya. A nan ya zo kusa da 30,000 da na yanke wa baƙo, amma ba ma'auni ba ne mai kyau, don wahalar haɗa ta sefa 200,000 da ta 600,000 kusan ɗaya ce. Ni abu uku na duba. Na duba lokacin da aikin zai ci, daga zaɓen kaya zuwa kwashe tsofaffin fayilolin shagon da saita firinta. Na tambayi abin da masu gyara ke karɓa in sun sa Windows da manhajoji kaɗai. Sannan na duba kasada. A uwar allo ta Intel, ƴan siraran ƙafafun da furosesa ke zama a kai sun fi dubu, ba su kai kaurin allura ba. Akwai ɗan alamar kusurwa uku a gefen furosesar da za ka daidaita da ta mazauninta, ka ajiye ta a hankali ba dannawa. Hannunka ya kuskure, ƙafa biyu suka lanƙwashe, mai shago ba zai karɓi allon ba, kuma daga aljihunka za ka biya. Ga lokacin hunturu ne, iska a bushe, jiki na tara wutar da ke tartsatsi in ka taɓa ƙarfe, sai da na riƙa dafa jikin akwatin kafin in ɗauki kowane abu. Da na haɗa ukun, na ga baƙo zan ce masa 30,000.

Da yamma bayan la'asar na same shi a ƙofar gida, kafin a sayi ko da dunƙulen waya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga lissafin kaya. Aikina kuma 30,000 ne a wurin kowa, amma ku 20,000 za ku bayar."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, tsakaninmu har da takarda?"

Na ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fi so ku san komai tun yanzu, don in ta ba da matsala ku kira ni ba tare da jin nauyi ba."

Ya yi shiru kaɗan, ya ce Allah ya yi albarka, ya ƙirgo rabi a take.

Maganar Inna ba ta banza ba ce, kuma na daɗe ina juya ta. Ta tuna mini daren da Alhaji ya fito da motarsa ya kai mahaifinmu asibiti, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Ta kawo hadisin da Annabi (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a sa shi cikin masu gado. Duk gaskiya ne. Da kwamfutar karatu ce ta marayan unguwa, wallahi ba zan karɓi komai ba. Amma wannan ta neman abinci ce. Wanda aka yi wa aiki kyauta ba ya iya ƙorafi. Ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, ɗalibai sun yi layi da takardunsu, Alhaji zai ji kunyar buga mini ƙofa sau biyu, ni kuma zan fara sallamar wanda ya biya ni kafin in waiwaye shi, ko ban yi niyya ba. Haka ƙananan ɓacin rai ke taruwa tsakanin gida biyu, ba wanda ya furta. Ragin 10,000 da na yi masa kuwa ya san da shi, ya gan shi a rubuce, ya yi godiya a kansa.

Abin da na fi koya shi ne cewa haɗa kwamfuta na ƙarewa, amma kiran maƙwabci ba ya ƙarewa, don haka dole kuɗin hannu ya zo da iyaka. A bayan takardar lissafin na rubuta: wata uku, duk abin da ya taso daga haɗina, gyaransa a kaina. Kayan da ya mutu da kansa, mu koma wa mai shago da rasit. Abin da wuta ta ƙona, ko cutar da filashin kwastoma ta shigo da ita, wannan sabon aiki ne da kuɗinsa. Lasisin Windows ma layinsa daban na ba shi, don kada a ɗauka yana cikin aikina.

Kan wuta ne kawai na kafe. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta, kuma dawowarta ce ta fi ɗaukewarta haɗari ga na'ura. Na ce masa in babu UPS, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, babu alkawarin wata uku. Ya ɗan yi gunaguni kan ƙarin kuɗin, ya saya. Zafi kuma, a Maris da Afrilu garin nan yana haura digiri 40, ga shagon rufin kwano. Na ƙara fanka ɗaya a gaban akwatin, na sa an ɗaga shi daga ƙasa zuwa kan tebur, na bar kwamfutar tana aiki mai nauyi tun hantsi har azahar ina kallon zafin furosesar kafin in ce na gama. Wannan gwajin ma yana cikin abin da aka biya ni.

Cikin wata ukun ya kira ni kan firinta da ta daina ganin kwamfutar, na je na gyara ban karɓi komai ba, don cikin alkawari ne. Bayan wa'adin ya cika, ƙura ta toshe fankokin, ɗansa ya kawo ta gida, na buɗe na share, na ce 3,000, ya turo ta waya kafin magariba. Daga baya wani abokin Alhaji mai shagon magani a unguwar Yalwa ya zo neman irinta. Alhaji ya riga ya gaya masa cewa aikina 30,000 ne, kuma haka ya biya.