Takardar "kada a farfaɗo" a asibitocin Saudiyya, da inda likitoci ke jan ƙafa

Mai jinyar ɗan'uwa a sashen kulawa ta musamman a Makka ko Jidda yana iya ganin haruffan DNR a fayil. Umarni ne cewa idan zuciyar majinyacin ta tsaya, ba za a danna masa ƙirji ko a buga masa lantarki ba.

Ta fuskar shari'a an daɗe da warware batun. Fatawa mai lamba 12086 ta Kwamitin Dindindin na Fatawa na Saudiyya, ta shekarar 1409 Hijira, ta ce idan ƙwararrun likitoci uku amintattu suka haɗu a kan cewa farfaɗowar ba za ta amfana ba, babu buƙatar yin ta. Ta kuma ce ba a dogara da ra'ayin dangi a nan, domin ba fanninsu ba ne.

Duk da haka hannun likita kan yi nauyi. Da yawa sun fi samun natsuwa da ƙin ɗora majinyaci a na'urar numfashi tun farko, a kan cire ta bayan an ɗora. Cirewar suna jin ta kamar kisa. Wasu kuma tsoron ƙorafin dangi ke sa su ɗage sa hannu yau da gobe. Sai zuciya ta tsaya da tsakar dare, likitan da ke aiki ya duba fayil babu takarda, dole ya hau danna ƙirjin tsohon da sankara ta gama ci. Haƙarƙari kan karye, in ma zuciyar ta dawo, sai a ƙara 'yan kwanaki a kan na'ura.

Kuskuren da ya fi muni, a ganina, shi ne ɗaukar takardar a matsayin daina kula da majinyaci. Ba ta hana abinci ta bututu ko ruwa, ba ta hana juya majinyaci duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, balle maganin zafi irin mofin, wanda wasu ke rage shi don fargabar danne numfashi.

Mu Hausawa kuma ga matsalar harshe, musamman alhazai. A nemi tafinta, a zaunar da babba a cikin dangi gaban babban likitan, ba ƙaramin da ke zagaye ba. A tambayi likitan su waye ukun da suka sa hannu, wane magani zai ci gaba, kuma yaushe za a sake duba umarnin, domin ana soke shi idan jiki ya yi sauƙi.