Zanen da ake kallo a zaune

Sana'ata adon cikin gida ce, kuma babu abin da ya gyara mini ido a karatuna kamar zanen da Japanawa ke yi a jikin ƙofofin takarda masu zamewa, wato fusuma, da allunan raba ɗaki masu naɗewa da suke kira byobu.

Fadar Nijo da ke Kiyoto ta ishe mu misali. Wajen shekarar 1626 masu zanen gidan Kano (wata zuriyar masu zane ce a Japan, ba birnin Kano ba), ƙarƙashin jagorancin Kano Tanyu, suka ƙawata ɗakunanta. A zauren da baƙi ke jira, damisoshi suka zana cikin gora, a kan zinariyar da aka buga ta zama falle-falle, don baƙo ya shiga taitayinsa tun kafin ya ga shogun, mai riƙe da mulki. Can ciki kuwa, inda mai gidan ke hutawa, duwatsu ne da ruwa cikin launi mai sanyi. Kowane ɗaki da irin zanen da ya dace da aikinsa. Ita zinariyar ma tana da amfaninta. Ɗakunan na da zurfi da duhu, ita ke kama ɗan hasken rana ko na kyandir ta watsa shi ciki.

Wanda ya fi shiga raina shi ne na Hasegawa Tohaku, daga ƙarshen ƙarni na 16, yana gidan tarihi na ƙasa a Tokiyo. Alluna biyu ne, kowanne falle shida, ba komai a kai sai itatuwan matsu, wani itace mai ganye sirara kamar allura, da aka zana da baƙar tawada. Tawadar nan da kunkunniya da danƙon fata ake haɗa ta, kusan yadda almajirai ke haɗa tasu da ƙaro. Wasu itatuwan baƙi ƙirin, wasu sun koɗe har da kyar ake ganinsu, sauran takardar kuma ya bar ta fara. Idonka da kansa zai ce maka hazo ne. Barin fili haka sai wanda ya yarda da hannunsa, don mu masu ado hannu yakan yi ta ƙaiƙayi mu cike ko'ina.

Sannan duk wannan don mai zama a ƙasa aka yi shi, a kan tabarmar tatami. Shi ya sa yanzu in aka kira ni aiki, sai na tambayi mai gida inda yake zama da inda haske ke shigowa da la'asar. Nakan zauna a wurin in dubi bangon kafin in fiddo awo.