Littafin Abu da ya zagaye ɗakinmu babu shafin ƙarshe

Satin da ya wuce ɗiyar yayata tazo mana hutu, shekararta 15, kuma tunda ta sauka a gidan nan kanta na kan waya. Ba TikTok take ba, ba hira take da kowa ba, karatu take. Irin littattafan nan da marubuta ke saki fej-fej a guruf ɗin WhatsApp, yau a saki kaɗan gobe a jira, idan labari ya ɗau zafi sai ace sai an biya kafin a ga sauran. Tun kafin ta iso uwarta ta kira ni tace "Dan Allah ki sa mata ido, wannan karance-karancen ya isheni, ko wanke-wanke take waya na jingine a jikin bokiti." Nace to Yaya, in sha Allahu. Amma wallahi na kasa yi mata faɗa, dan duk sanda na ganta ta ƙudundune a ƙarshen kujera baki a ɗan buɗe tana jan allon waya da yatsa, kaina nake gani a 2003, ina aji uku a makarantar kwana, na shige cikin bargo da tocila.

Littafin da nake riƙe da shi a wancan daren shine Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito tun 1990, kenan lokacin da ya iso hannuna ya kusa sa'ana. Wata 'yar ɗakinmu ce ta shigo da shi a ƙasan buhun garin kwaki dan kar a gani a bakin get ranar dawowa hutu. Bangonsa ya daɗe da cirewa, wata ta yi masa sabo da takardar kalanda ta ɗinke da baƙin zare, ganyen sun yi laushi kamar tsumma, ga ƙamshin man shafawa da kananzir duk ya kama shi saboda yawan hannun da ya bi. Layi ake, an rubuta sunaye a bayan littafin lissafi, kowa dare ɗaya, bayan an tashi firef, wato karatun dare, an kashe wuta sai ki karɓa, kafin kiran sallar asuba ki miƙa wa ta gaba ko kin gama ko baki gama ba. Sannan a gefen shafukan waɗanda suka riga mu sun bar sawu, wata ta ja layi da jan biro, wata ta rubuta Allah ya isa a daidai wurin da aka yanke maganar auren, wata a ƙasa ta amsa mata da amin.

Wanda bai san labarin ba, a taƙaice Abu yarinya ce 'yar shekara 13 a ƙauye, tana son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta, ɗan'uwanta da ake sa ran zai aure ta wanda shi yayi boko yace ba zai auri jahila ba, ƙarshe aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijo da ya isa ya haife ta. Ta gudu Kano wajen gwaggonta, daga nan ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. To amma mu wannan ƙarshen bamu gan shi ba, dan shafukan baya na kwafin namu sun yage sun ɓace tun kafin ya shigo makarantar. Mun bar Abu ne a tsakiyar hanya. Kuma abin da har yau nake juyawa a raina shine babu wadda ta ajiye littafin saboda hakan, layi bai ragu ba, wasu ma sau biyu suka sa suna.

Sai da na girma na gane dalili. A farkon wancan zangon akwai wadda gadonta ke kusa da nawa da bata dawo ba, katifarta na naɗe da igiya a saman gado har sati uku, sannan wani ƙanin babanta yazo ya ɗauka tare da bokitinta da akwatin ƙarfe. A bakin wata 'yar garinsu muka ji an yi mata aure. Babu malamar da ta tara mu tace ga abin da ya faru, a gida kuma in ka tambayi irin wannan sai ace yaro bai shiga maganar manya. Wuri ɗaya tak da muka ga an ɗauki yarinya sa'armu an zauna a cikin zuciyarta, an faɗi abin da take ji lokacin da ake shawara a kanta a zaure ita tana ɗaki, shine cikin wannan yagaggen littafin. Mu ba nasarar Abu muke nema ba a lokacin. Tsoronta muke nema, dan irin namu ne, kuma bamu da sunan da zamu kira shi.

Shi yasa da na ga yarinyar nan ta cinye data ɗinta ta zauna tana zumɓura baki, sai na buɗe durowa na ɗauko mata kwafina, cikakke, wanda na saya a kasuwar Sabon Gari shekaru bayan na gama sakandare. Ta juya shi gaba da baya tace "Anti wannan ai na zamaninku ne." Nace ke dai karanta shafi goma, in bai miki ba ki dawo min da abina. Ƙarfe ɗaya na dare na fito shan ruwa na ga hasken fitilar waya ta ƙasan ƙofarta.

Da safe muna yankan alayyahu ban tambaye ta komai ba, ita ta fara. Na zata zata yi maganar tsohon ne ko daren farko, dan a nan mu muka fi kuka. Sai cewa tayi "Anti ni fa ba Sarkin Noma ne ya fi ban haushi ba, abin da ya ƙona min rai kowa na maganarta, kowa ya san abin da ya dace da ita, amma ba wanda ya kira ta yace ke me kike so." Ta yi shiru tana tsince ganye, can tace "Kamar yadda Abba ya cike min fom ɗin ajin kimiyya." Ashe tun bara take son ajin adabi, tana rubuta 'yan labarai a bayan littafin nazarin halittu, babanta kuma yana son ta zama likita, kuma shi bai yi da mugunta ba, mutum ne mai son 'ya'yansa, yana biyan kuɗin makaranta da na lesin ba ya wasa. Babu mai shirin yi mata auren dole, gidansu ko zancen babu. Amma ta ga kanta a jikin Abu sarai, ta wata ƙofa da ni ban taɓa lura akwai ta a littafin ba duk karatun da nayi masa.

Nan ne nake ganin mu manya muke kuskure idan muka ga yaro da littafin labari. Tambayarmu ɗaya ce kullum, wane darasi ka koya, kamar dai takardar jarrabawar Hausa inda ake cewa kawo jigon littafi da warwararsa. Yarinyar zata baki amsar da kike so, tace ilimin 'ya mace na da muhimmanci, ki gyaɗa kai ki wuce, alhali abin da ya hana ta barci daban ne. Mai shekara 14 ko 16 yana karanta labarin tasowar wani ne dan ya gwada rayuwar kamar yadda ake gwada riga a gaban madubi, ya ga in shine zai gudu ko zai zauna, zai iya buɗe baki gaban mahaifinsa ko ba zai iya ba, kuma duk wannan yana yi ne ba tare da kowa ya gan shi ba balle ace ya yi rashin kunya.

Ba 'yan mata kaɗai ba ma. Ƙanena da ke cika baki wai littafin Hausa na mata ne, na taɓa kama shi da wannan ɗin a soro yana ɗan shekara 17, kuma shi ɗan'uwan nan da ya ƙi Abu ne ya tsaya masa a wuya, dan a lokacin shima ya fara ja da baya da wani amininsa da ya bar makaranta ya koma garejin kanikawa.

Ni kuma da na sake karanta shi ina da shekara 23, cikakke wannan karon, na ga ƙarshen da na jira shekara da shekaru, naji daɗi ƙwarai, amma hankalina ya riga ya bar kan Abu ya koma kan gwaggon da ta buɗe mata ƙofa, ina ta tunanin irin surutun dangi da ta ɗauka a kanta. A wannan lokacin ne kuma na san wacece marubuciyar, cewa ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad ce, kuma ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta bi ta makarantar manya ta koyi abin da aka hana ta. Sai na fahimci me yasa zafin da ke cikin shafukan nan bai yi kama da na wanda aka ba labari ba.

Na san me Yaya ke tsoro, kuma ban raina tsoron nata ba. A cikin abin da ke yawo a guruf-guruf yanzu akwai na banza, batsa tsagwaronta da aka lulluɓe da sunan soyayya, ba mai tacewa, kuma yarinya na iya faɗawa ciki da danna abu ɗaya. Amma hanawa an gwada ta. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jiha mai suna A Daidaita Sahu, mu ma a makaranta in aka kama ki da shi sai a ƙwace a baki noman ciyawa, kuma ga shi karatun bai mutu ba, ya dai sauya gida daga ƙasan buhun gari ya koma cikin waya inda ba a iya binciken akwati. Abin da na faɗa wa Yaya a waya shine ta karɓi ɗaya daga cikin waɗanda 'yar ke karantawa ta karanta itama, in mai kyau ne su yi hirarsa, in marar kyau ne ta faɗa mata dalili da bakinta. Na kuma faɗa mata maganar fom ɗin, da izinin yarinyar. Tayi shiru a waya na ɗan lokaci tace ita bata taɓa sani ba, zata samu babansu su yi magana.

Jiya da zata koma na raka ta tasha, littafin na cikin jakarta ta naɗe shi a leda. Mota ta kusa cika ta leƙo ta taga tace "Anti in na ara wa ƙawata ba komai? Na basu labari a guruf, mutum huɗu sun ce suna so." Nace ba komai, amma ki rubuta sunayensu a jere, kuma ki gaya musu su kula da shafukan baya.