Lambar da ake ƙirgawa sau biyu

Duk shekara idan na kai ɗaliban aji biyu na babbar sakandare kan x³ − 3x² + 4 = 0, sai an yi gardama. Su gwada −1, ya ba da sifili. Su gwada 2, shi ma haka. Sai a duƙufa neman ta uku, tunda sun haddace cewa lissafin da x ɗinsa ya kai iko uku saiwa uku gare shi, wato lambobin da in aka sa su a madadin x amsar ke zama sifili. Wani ya sa 4, wata ta sa −2, har da mai gwada rabi. Babu. Nakan bari su ɗan yi gumi kafin in rubuta a allo: (x − 2)(x − 2)(x + 1).

Ba a rasa mai cewa, "Malam, ai wannan coge ne. Biyu ai biyu ce." Ina son irin wannan ɗalibi, don shi ne bai yarda a ɗura masa ba. Sai in ce ya tara saiwoyin. Ƙa'idar da suka sani ta ce jimlar −b/a ce, inda a ke nufin lambar da ke gaban x³, b kuma ta gaban x², a nan kuwa 3 ke nan. In ya ƙirga 2 sau ɗaya, 2 da −1 za su ba shi 1. Sai ya ƙirga ta sau biyu 3 ke fitowa. Ninkawar ma haka: 2 × 2 × (−1) ne ke ba da −4 ɗin da ake nema, wato 4 ɗin ƙarshen lissafin bayan an juya masa alama.

Amma inda abin ke zama musu a kai shi ne takardar giraf. Mu ɗauki kalkuleta mu matsa kusa da 2. A 1.9 amsa 0.029 ce, a 2.1 kuma 0.031. Duka sama da sifili. Wato layin ya gangaro, ya taɓa layin x, ya koma sama, kamar ƙwallon da ya daki ƙasa ya tashi. Dalili kuwa (x − 2)² ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili, ko ta hagu ka zo ko ta dama. A −1 labarin daban ne: −1.1 na ba da −0.961, −0.9 na ba da 0.841, layin ya ratsa ya wuce abinsa.

Daga nan su da kansu ke fitar da dokar: maimaici cika, a taɓa a juya, maimaici mara, a ratsa. In sau uku ne, kamar a (x − 1)³, layin kan kwanta tukuna kafin ya tsallaka, abin da ke wahalar zanawa da fensir mai kauri.

Ita kuwa maganar iko uku saiwa uku, daga ƙa'idar da Bajamushen masanin lissafin nan Gauss ya kawo wa hujja a 1799 ta fito, kuma sharaɗi biyu gare ta: a ƙirga maimaici, a kuma haɗa da saiwoyin da ba sa kan layin lambobi, irin na x² + 1. Na biyun nakan ajiye shi sai wani zangon.